Darasi na 18: Ƴar sarki a gatana da ƴar sarki a tarihi

Da dare, in kaka ta fara gatana, sau da yawa akwai ƴar sarki a ciki. Kyakkyawa ce, tana zaune cikin gida, samari suna ta gasar aurenta. Wanda ya kashe dodo shi ake ba. Faransawa ma suna da irin wannan gatana. A littafin da Charles Perrault ya fitar a 1697, mazari ya soki wata gimbiya a hannu, ta yi barcin shekara 100. Sai da wani ɗan sarki ya zo ta farka. Gimbiyar gatana ba a san shekarar haihuwarta ba, ba a san kabarinta ba. Aikinta jira kawai.

Mosi na Burkina Faso suna da labarin Yennenga, ɗiyar sarkin Gambaga, wani gari da ke arewacin Gana a yau. An ce ta iya hawan doki da jifar mashi. Ubanta ya ƙi aurar da ita don tana taimakonsa a wajen yaƙi. Sai ta shuka kuɓewa, ta bar ta ta bushe a gona, don ya gane kukanta. Da ya ƙi ji, ta hau doki ta gudu. Ta auri wani maharbi, ta haifi Wedrawogo, kakan sarakunan Mosi. Wannan labari a baki aka gaje shi, shi ya sa kowane tsoho da yadda yake ba da shi.

Nana Asma'u kuwa, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta bar mana shaida. An haife ta a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a 1793. Ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta lura matan ƙauye ba su samun zuwa makaranta, sai ta zaɓi dattijai mata, ta karantar da su. Kowace ta zama jaji, aka ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan koma ƙauyensu ta koyar da mata, takan kuma kawo su wurin Nana. Su ake kira ƴan taru. Nana ta rasu a 1864. Kabarinta yana Sakkwato, rubuce-rubucenta kuma suna nan ana karanta su.

Yara, in kun ji labarin ƴar sarki, ku yi tambaya uku: Yaushe aka yi ta? A ina? Wace shaida ta bari?

Ma'anar kalmomi
gimbiya: ɗiyar sarki, la princesse
mazari: abin kaɗin zare, le fuseau
shaida: abin da ke tabbatar da magana, la preuve

Tambayoyi
1. Shekara nawa gimbiyar Perrault ta yi tana barci?
2. Don me Yennenga ta bar kuɓewarta ta bushe?
3. Mene ne aikin jaji?
4. Cikin ukun nan, wace ce muka san shekarar haihuwarta? Ta yaya muka sani?

Aikin gida
Ku roƙi kakarku ta ba ku labarin wata mace da ta yi wa garinku aiki. Ku rubuta shi cikin jimla biyar.