Ƙiriniya ce ko larura? Ga yadda muke tantancewa

A aikina na jinyar lafiyar ƙwaƙwalwa, iyaye daga Daura, Mai'adua, Zango da Baure sukan kawo yaro su ce, "Malama, a yi masa hoton kai, ba ya jin magana." Larurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, wadda likitoci ke kira ADHD, babu gwajin jini ko hoton da ke nuna ta. Da tambaya ake gano ta, tambaya mai tsawo.

Littafin DSM-5 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya gindaya sharuɗɗa. Alamun su fara kafin shekara 12, su daɗe wata 6 ko fiye, a gan su a wuri biyu aƙalla, kuma su hana yaro karatu ko zama lafiya da mutane. Shi ya sa nake son jin ta bakin malamin allo da na boko. Wanda ke tayar da gida amma ya zauna tsaf ya wanke allonsa, a nemi damuwarsa a gida.

Kafin mu ambaci sunan larura, sai mun duba kunne da ido, barci da abinci. Yaron da ya fita ba karin kumallo ba zai natsu ba. Akwai kuma farfaɗiyar da ba ta kayarwa: yarinya tana tilawa sai ta tsaya cak, ido a buɗe, daƙiƙa kaɗan, ta ci gaba ba ta san an yi ba. Ana ce mata mai iska. Maganinta daban ne.

'Yan mata masu ADHD su na fi tausayawa. Ba sa hawa katanga, shiru suke yi, an aike su sun manta, sai a ce daƙiƙai ne.

Sai batun horo da ɗauri. A Oktoban 2019 'yan sanda suka fito da mutane ɗaure da mari daga wata cibiyar gyaran hali a nan Daura. A Janairun 2023 aka sanar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dorina da mari ba sa warkar da larurar ADHD.

Iyayena, in abin ya dame ku, ku je asibiti ku nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ku taho da littattafan yaron da bayanin malamansa, kuma a zo da mahaifiyarsa, ita ta san farkon abin.