Ƙa'idojin Rubuta Bayanan Yanayi

Idan ma'aikacin tashar auna yanayi ya rubuta cewa zafin gari ya kai 40, bai gama aikinsa ba. Wajibi ne ya bayyana ma'aunin da ya bi, da wurin, da ranar, da sa'ar. A ma'aunin Salsiyos, 40 zafi ne irin na Sakkwato a watan Afrilu. A ma'aunin Farenhait kuwa sanyi ne mai sa makyarkyata.

Don kauce wa irin wannan ruɗani masana suka tsara ƙa'idojin CF, waɗanda suka fito a 2003. Ba mallakar wata gwamnati ba ne. Duk mai shawarar gyara yakan gabatar da ita a fili, a tattauna har a daidaita. Akan kuma kiyaye kada sabon gyara ya ɓata tsofaffin bayanan da aka adana.