Takardar Shaidar Sadarwar Kwamfuta da Kasuwar Aiki a Nijeriya

Matasa da dama a ƙasar nan na zuba kuɗi mai yawa wajen neman takardar shaidar ƙwarewa a aikin haɗa kwamfutoci domin su riƙa sadarwa da juna, amma sai su tarar bayan cin jarrabawa cewa samun aiki wani fage ne dabam. Lamarin ya shafi mai neman aiki, da iyayen da suka biya kuɗin, da kuma 'yan kasuwar da harkokinsu suka dogara ga intanet.

Takardar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce CCNA ta kamfanin Cisco na Amurka, wadda aka fara bayarwa a 1998. Akwai kuma Network+ ta CompTIA, da HCIA ta Huawei, da MTCNA ta MikroTik. Kuɗin zana jarrabawar CCNA dala 300 ne, kuma takardar kan daina aiki bayan shekara uku idan ba a sabunta ta ba. A 2024, lokacin da dala ta haura Naira 1,500, wannan kuɗi ya kai kimanin Naira 450,000, watau fiye da albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekarar. Ga kuma kuɗin makarantar horaswa. Saboda haka takardar jari ce mai wa'adi, kuma duk watan da mai ita ya yi a zaune, jarin raguwa yake yi.

Abin da takardar ke nunawa

Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Michael Spence, ya yi bayani a 1973 cewa takardar ilmi alama ce da mai neman aiki ke nuna wa mai ɗaukar ma'aikata, tun da shi mai ɗaukar ba ya iya ganin abin da ke cikin kan mutum. Alamar kan yi daraja ne muddin samunta na da wuya. Da zarar an sami masu haddace tambayoyin jarrabawa su ci ba tare da sun taɓa na'ura ba, sai darajarta ta faɗi ga kowa, har da wanda ya yi karatun tsakani da Allah. Dalili ke nan da ya sa kamfanoni ke amfani da takardar wajen tace masu nema kawai, sa'an nan su ɗora gwajin hannu a kai.

Inda aikin yake

Kuskuren da sababbin masu takarda suka fi yi shi ne aika takardun neman aiki ga manyan kamfanonin waya kaɗai. Gaskiya ne cewa kasuwar ta bunƙasa tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. To amma daga baya manyan kamfanonin sun miƙa yawancin ƙarafunan sabis ɗinsu ga kamfanoni irin su IHS, suka kuma ba irin su Huawei da Ericsson kwangilar kula da na'urori. Su kuma waɗannan sukan raba aikin ga ƙananan 'yan kwangila, kuma a wurinsu ne sabon shiga ya fi samun ƙofa.

Haka nan akwai ƙananan kamfanonin sayar da intanet, da bankuna, da asibitoci, da jami'o'i, da otal-otal, da cibiyoyin ajiyar bayanai waɗanda galibinsu ke birnin Ikko. Ƙananan kamfanonin sun fi amfani da kayan MikroTik da Ubiquiti saboda arharsu, don haka wanda Cisco kaɗai ya sani yana bukatar ƙarin koyo. Matakin farko yawanci ɗayan biyu ne: zaman sa ido kan layuka dare da rana a ɗakin lura, ko kuma fita fili domin jan waya, da haɗa faiba, da gyara a wurin abokan ciniki. Albashin ba shi da yawa, amma a nan ake samun gogewar da manyan kamfanoni ke tambaya.

Shirin gwajin hannu

A wajen ganawa akan ba mutum lambobin adireshin kwamfuta a ce ya rarraba su ga sassan ofis, ko a lalata saitin rauta da gangan a ce ya gano matsalar. Ana iya koyon wannan da manhajojin Packet Tracer da GNS3, waɗanda kyauta ne, ko da tsofaffin na'urori da ake sayarwa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ɗalibi kuma na iya neman a tura shi kamfanin sadarwa a lokacin horon SIWES ko yi wa ƙasa hidima. A Nijeriya sanin injin janareta, da batura, da wutar sola ƙarin daraja ne, domin sau da yawa matsalar layi daga wutar lantarki take farawa.

Darasi ga 'yan kasuwa

A ranar 14 ga watan Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, abin da ya kawo cikas ga harkokin bankuna da ciniki a ƙasar nan. Irin wannan rana ce ke nuna amfanin ma'aikacin da ya tanadi hanya ta biyu kuma ya iya sauya layi zuwa gare ta. Don haka ya kamata mai kamfani ya gwada mai neman aiki a gaban na'ura kafin ya ɗauke shi. Idan ya sami ƙwararre, biya masa kuɗin sabunta takarda bisa yarjejeniyar zai ci gaba da aiki na wani lokaci ya fi arha a kan neman sabo.

Akwai alamun bukatar ma'aikata za ta ƙaru. An fara amfani da fasahar 5G a Nijeriya a 2022, a shekarar da wayar teku ta Equiano ta iso Ikko, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000. Kowane kilomita na bukatar masu haɗawa, da masu saiti, da masu gyara, kuma 'yan kwangilar da za su yi aikin za su fara neman waɗanda suka riga suka taɓa yin irinsa.