Idan Ɗanku Ya Zaɓi Adabin Turanci a Jami'a: Shawarwari Ga Mutanen Gida

A gidaje da yawa, ranar da yaro ya ce adabin Turanci yake so ya karanta a jami'a ba a yin murna. Uba ya so ya ji likita ko lauya, uwa tana tambayar aikin da ake samu da shi, ƙannen uba kuma suna cewa ai Turanci kowa ma yana ji. Fargabar tana da dalili, domin aiki ya yi wuya, kuma ɗawainiyar shekara huɗu ba wasa ba ce. Sai dai wannan fanni ya fi yawancin fannoni dogara da gida. Ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Kayan aikinsa littafi ne da lokaci da natsuwa, kuma mutanen gida ne ke ba da su ko su hana. Takardar digirin ita kaɗai ba ta ciyar da kowa. Abin da ake biyan kuɗi a kansa shi ne iya karatu mai zurfi da iya rubutu mai tsabta, kuma a kan waɗannan biyun shawarwarin nan suka tsaya.

1. Ku gwada shi da littafi kafin a cike fom. Ɗalibai da dama ba zaɓar sashen Turanci suka yi ba. Lauya suka nema ko aikin jarida, maki bai kai ba, aka tura su can, suka karɓa don kada su zauna a gida. Wasu daga baya su kan so shi, wasu kuwa su yi shekara huɗu suna jan ƙafa. Gwajin ba shi da wuya. Ku ba shi Things Fall Apart na Chinua Achebe ko The Stillborn na Zaynab Alkali, ku ba shi mako guda, sannan bayan sallar isha'i ya ba ku labarin da Hausa. Kada ku tsaya a kan abin da ya faru. Ku tambaye shi me ya sa wane ya yi kaza, kuma wa yake ganin ya fi gaskiya. Idan ya zaƙe yana kare ra'ayinsa har yana buɗo shafi ya nuna muku hujja, ya sami wurinsa. Idan mako ya wuce littafin na nan a ƙarƙashin matashi, ku zauna ku sake shawara tun da wuri. Shi kansa Achebe likitanci ya shiga karantawa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, bayan shekara guda ya koma Turanci da tarihi da ilimin addini, ya rasa tallafin karatun da aka ba shi saboda wannan sauyi, danginsa suka sa hannu wajen ɗaukar nauyinsa. Shekara goma bayan shigarsa littafinsa na farko ya fito.

2. Maganar tana farawa tun aji huɗu na sakandare. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kuma a jarrabawar JAMB dole adabin ya kasance cikin darussa huɗun da yaro zai rubuta. Akwai makarantun da ba su da malamin adabi sam, iyaye ba sa ganewa sai an zo rajista. Ku tambaya tun yanzu, in babu ku nema masa mai koya masa a waje. Wanda ya yi NCE ko IJMB da sakamako mai kyau yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Sauran ƙa'idoji su kan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ku karanta kundin JAMB na shekarar da kanku, kada ku dogara da abin da mai shagon cike fom ya faɗa.

3. Ku san abin da ke cikin kwas ɗin. Fuska biyu gare shi. Akwai nazarin harshe: furuci, ginin jimla, ma'ana, salo. Akwai kuma adabi: ƙagaggun labarai, waƙoƙi, wasan kwaikwayo, da hanyoyin yi musu tarke. Wasu jami'o'i suna haɗa su a digiri ɗaya, wasu suna raba su. Ɗalibi zai bi adabin Ingila tun daga Chaucer da Shakespeare zuwa Dickens, ya karanta na Amurka da na tsibiran Karibiyan, ya daɗe a kan na Afirka, irin su Wole Soyinka da Ngugi wa Thiong'o da Ama Ata Aidoo. A aji huɗu zai rubuta kundin bincike. Ba makarantar koyon magana ba ce, don haka kada a auna ci gabansa da yadda yake karya harshe idan ya zo hutu.

4. Ku ware kuɗin littattafai daban da kuɗin abinci. Idan aka haɗa su, ciki ne zai yi nasara, kuma ba laifin yaron ba ne. Kwas ɗaya na ƙagaggen labari yana iya cin littattafai da yawa a zango guda, kuma kowanne ana son a karanta shi daga bango zuwa bango. Akwai hanyoyin rage tsadar. Tsofaffin ayyuka irin na Shakespeare da Jane Austen da Dickens suna nan kyauta a intanet, a rumbun Project Gutenberg, ba tare da an ci haƙƙin kowa ba. Masu shimfiɗa littattafan gwanjo a bakin ƙofar jami'a su kan sami abin mamaki. Abokai huɗu suna iya raba jerin littattafan zango, kowa ya sayi kashinsa, a riƙa musanya. Amma littafin marubucin da yake raye, musamman na gida, a daure a sayi na gaske. Yaron da ke fatan watarana a sayi nasa bai kamata ya saba da bugun sata ba. Ku kuma lura da ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa gab da jarrabawa. Da su ana iya tsallake jarrabawa, amma ba sa koya wa kowa karatu. Ƙamus ɗaya mai kyau, na takarda, ya cancanci kuɗinsa har ƙannensa su gada.

5. Idan kun gan shi da littafin labari, aiki yake yi. Wannan ita ce shawarar da ta fi wuyar bi, domin idonmu ya saba ganin karatu a matsayin hadda ko lissafi a kan takarda. Ɗalibin likitanci in ya buɗe ƙaton littafi, gida ya kan yi tsit. Ɗalibin adabi in ya kishingiɗa da labari, shi ake aika cefane, shi ake ce wa tun da ba ka komai zo ka riƙe min wannan. Alhali littafi mai shafi ɗari uku yana cin kwanaki, kuma ba karatu ɗaya ake yi masa ba. Na farko don a san labarin, na biyu da fensir a hannu ana lura da yadda aka gina shi. Karatun da ake katsewa duk bayan minti goma ba ya zama a kai.

Abin ya fi shafar 'ya'ya mata. Ɗaliba ta dawo hutu da jerin littattafan zango mai zuwa, sai girki da wanki da rainon ƙanne su cinye hutun, ta koma makaranta ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ba cewa ake yi a ɗauke mata aikin gida ba. A yanke mata sa'o'i sanannu, misali daga hantsi zuwa azahar, kowa a gidan ya san ba a kiranta a lokacin. Wadda aka yi wa aure tana tsakiyar karatu, a yi wannan magana da mijin da danginsa a fili tun kafin biki. Fitila mai caji da kusurwa ɗaya da babu talabijin sun isa, ba sai an gina ɗaki ba.

6. Kada abin da ke cikin littattafan ya firgita ku, amma ku riƙa hira a kansa. Gaskiya ne zai haɗu da abubuwan da ba na tarbiyyarmu ba. Adabin Ingila cike yake da labaran Littafi Mai Tsarki na Kirista, kuma ba a fahimtar Paradise Lost na John Milton sai an san su. Wasannin Girkawa suna magana a kan gumakansu. Wasu labaran zamani suna faɗin abin da mu muke sakayawa. Karanta abu ba yarda da shi ba ne, kuma horon da sashen ke bayarwa shi ne a tambayi kowane littafi: wa ke magana, me yake so in yarda da shi, wa ya hana magana? Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulkin mallaka a ƙasar Borgu, ya fitar da Mister Johnson a 1939, labarin wani akawu baƙar fata a arewacin Nijeriya. Turawa sun yaba shi ƙwarai. Ɗaliban Ibadan na zamanin Achebe suka karanta shi a aji, suka ga ba su ne a ciki ba, kuma wannan ɓacin rai yana cikin abin da ya tura Achebe rubutu. A 1975 kuma ya tsaya a wata jami'a a Amurka ya warware wariyar launin fatar da ke cikin Heart of Darkness na Joseph Conrad, littafin da ake girmamawa a can. Da bai karanta su da kyau ba, da bai iya mayar musu da martani ba. Yaron da ke da tushe a gida, wanda iyayensa ke tambayarsa me ya karanta yau kuma me ya gani a ciki, irin wannan ido yake samu. Wanda ake yi wa tsawa kuwa ɓoye littafin zai koma yi.

7. Hausarsa jari ce, kada a bari ya zubar da ita. Wasu iyaye suna ganin taimako ne a daina yi masa Hausa. Asara ce babba. Cikin kwasa-kwasan akwai adabin baka, inda tatsuniya da kirari da karin magana da waƙoƙin makaɗa irin su Narambaɗa da Mamman Shata ke zama abin nazari, kuma ɗalibin da kakarsa ke raye yana da abin da babu shi a laburare. Ku bar shi ya zauna da ita da na'urar ɗaukar murya. Ku ajiye masa Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da Shaihu Umar kusa da na Turancin. Fassara ma hanya ce mai faɗi: Bala Abdullahi Funtua ya mayar da Animal Farm zuwa Gandun Dabbobi, Farfesa Aliyu Kamal na sashen Turanci a Jami'ar Bayero kuma ya kai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012. Masu jin Turanci suna da yawa a ƙasar nan, masu jin Hausa ma haka. Wanda ya iya rubuta duka biyun da kyau shi ne ake nema da fitila.

8. Ku nemi ganin rubutun hannunsa. Yanzu waya tana iya haɗa wa ɗalibi sharhin littafin da bai taɓa buɗewa ba, akwai kuma masu rubuta kundin digiri a biya su. Idan ya nemi kuɗin da za a rubuta masa kundi, ku hana, ko da kuna da shi. Ban da hukuncin satar fasaha in an kama shi, ya sayar da abu ɗaya tak da ya je nema. Ku sa shi aiki a gida: takardar neman taimako ta ƙungiyar unguwa, wasiƙar ƙorafi zuwa hukumar lantarki, tarihin kakanku. Ku ƙarfafa masa shiga ƙungiyar marubuta ta makaranta, da zaman karatun Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981 kuma take da rassa a jihohi. A can zai karanta abin da ya rubuta a gaban mutane, a gyara masa, ya koyi haƙuri da gyara. Helon Habila, ɗan Kaltungo a jihar Gombe, Turanci ya karanta a Jami'ar Jos, ya koyar a Bauchi, ya yi aikin jarida a Legas, ya ci kyautar Caine a 2001 da gajeren labari. Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG, dala 100,000, a 2016. Ba kowa zai kai nan ba, kuma bai kamata a ɗora wa yaro wannan nauyi ba. Abin lura shi ne dukansu sun daɗe suna rubutu kafin a san sunansu.

9. Maganar aiki a fara ta tun aji biyu. Koyarwa ita ce ƙofa mafi faɗi, domin Turanci darasi ne na dole a kowace sakandare, kuma ƙwararrun malamansa ba su wadata ba. Amma digirin adabi ba digirin koyarwa ba ne, don haka wanda ya nufi aji ya shirya yin difilomar ilimi ta PGDE da rajista da hukumar malamai ta TRCN. Akwai gidajen rediyo da jaridu, tace rubutu a kamfanonin ɗab'i, hulɗa da jama'a, rubuta rahoto da fassara ga ƙungiyoyin agaji, rubuta labarin fim da fassarar da ake sa wa finafinan Kannywood a ƙasan allo. Kowanne daga cikinsu samfurin aiki ake tambaya kafin takarda. Don haka dogon hutu ɗaya ya yi shi a gidan rediyon garinku ko wata makaranta, ko da ba za a biya shi ba, ku ɗauki nauyin kuɗin motarsa. Ya iya buga rubutu a kwamfuta da sauri. Ya buɗe fayil guda yana tara duk abin da ya rubuta mai kyau, na Turanci da na Hausa, domin ya tafi hidimar ƙasa da abin nunawa a hannu. Idan kuma ransa na kan koyarwa a jami'a, ya sani tun yanzu cewa makin aji ɗaya da aji biyu yana shiga lissafin sakamakon ƙarshe, kuma da wannan sakamako ake neman gurbin digiri na biyu.