Kada Ruwa Ya Tafi Da Takinka

Manomi, idan ka ga ruwan sama yana fita daga gonarka jawur yana gangarawa rafi, to ba ƙasa kaɗai yake ɗauke da ita ba. Har da takin da ka saya da kuɗinka.

Abincin shuka iri biyu ne suka fi gudu. Na farko naitirojin, watau wanda ke sa ganye ya yi kore shar. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 nasa. Shi narkewa yake yi kamar gishiri, ya bi ruwa zuwa rafi, ko ya nutse ƙasa har ya iske ruwan rijiya. Idan ya yi yawa a rijiya yana cutar da jarirai. Na biyu fosfet, wanda ke cikin sufa da kamfa. Shi kuwa manne wa ƙasa yake yi, sai zaizaya ta kwashe su tare.

To, in sun shiga tafki ko madatsar ruwa, aikin da ka saye su dominsa shi za su yi, amma a wurin da ba a so. Gansakuka da kainuwa su rufe ruwa, in sun ruɓe su cinye iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya mutu. Ku tambayi mutanen Haɗeja da Nguru labarin kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki. Babban dalilinta shi ne ruwan da ya daina ƙafewa da rani tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, amma takin da ke gangarowa daga gonaki ƙara mata ƙarfi yake yi.

Yadda Za Ka Sa Taki

Kada ka watsa taki a kan ƙasa ka tafi. Wannan ita ce babbar ɓarnar da muke gani a gonaki, wai don a rage kuɗin ƙwadago. Yi rami da tsinke, zurfin ɗan yatsa, nesa da gindin shuka kamar faɗin tafin hannu, ka zuba, ka rufe. Yuriyar da aka bari a fili ma ba sai ruwa ya zo ba, wani kashi nata iska yake bi.

Kuma kada ka juye shi duka lokaci guda. Masara 'yar mako biyu ba ta da saiwar da za ta sha buhu guda. Sa kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyu na farko, sa'an nan yuriya a mako na 5 zuwa na 6. A sa lokacin da ƙasa ke da laima. In hadari ya haɗu baƙi ƙirin, haƙura sai ya wuce.

Mai shinkafar rani, ka rage ruwan fangali kafin ka sa yuriya, ka toshe mafita, kada ka saki ruwan sai bayan kwana uku aƙalla.

Tsare Ƙasar Kanta

Idan gonarka gangare ce, yi kunya a gicciye, kada ta bi gangaren. Kada ka yi noma har bakin rafi. Bar fili kamar mita 5, ka dasa jema ko gamba a jere, kusa da kusa. Ciyawar za ta rage gudun ruwa, ƙasar da ya ɗauko ta kwanta a nan. Wasu za su ce an yi asarar kunya biyar ko shida. I, haka ne, amma gamba tana ba da zana da abincin dabbobi, gefen rafin kuma ya daina zabtarewa.

Takin gargajiya ma yana gurɓata ruwa. Tara jujinka nesa da rijiya, aƙalla mita 30, ba kan hanyar ruwa ba. Buhunan taki kuwa kada a wanke su a rafi. In kana so ka san yawan takin da ƙasarka ke bukata, tuntuɓi malamin gona na yankinku kafin ka saya.