Yadda Ake Sauya wa Sensar Iska Mazauni a Babur Ɗin Tsere

Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja da babban babur da azahar cikin watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Yamai, ya san wannan yanayin. Kwalta na huci, fankar lagireto ta tashi tana feso maka zafi a ƙwauri, tanki ya ɗau ɗumi tsakanin cinyoyinka. Aka ba da hannu, ka murɗa totur, sai babur ya yi nauyi kamar an riƙe shi ta baya, kuma sai ka yi tafiya mai ɗan nisa kafin ƙarfinsa ya dawo. Wasu su ce mai ne ba kyau, wasu su ce filogi. Yakan zama hakan. Amma sau da yawa mai laifin wata 'yar aba ce da ba ta fi ɗan yatsa ba, mai waya biyu, maƙale a jikin akwatin iyakilina: sensar da ke auna zafin iskar da inji ke shaƙa. A littafin babur IAT ake rubuta ta.

A bakinta akwai wata 'yar ƙwaya da ke tare wuta idan tana da sanyi, tana sakin ta idan ta ji zafi. Birenbos, wato kwamfutar babur, na aiko mata da wuta bolt 5, ta duba abin da ya rage, daga nan ta san zafin iska. Dole ta sani, don iska in ta yi zafi buɗewa take yi, sai abin da ya cika silinda ya ragu a nauyi. Birenbos ta rage man da nozul ke fesawa daidai da haka, kuma a babura da yawa ta ja taimin baya don kada mai ya fashe da kansa a cikin silinda.

Matsalar mazauni ce. Akwatin iyakilina yana zaune a kan inji, bayan lagireto, tanki ya rufe shi ta sama. In ka tsaya a cunkoso, robar akwatin da jikin sensar kansa su jiƙa da zafi. Ka tashi, sabuwar iska ta fara shigowa ta hancin babur, amma sensa na nan tana ba da labarin zafin da ta kwasa ɗazu. A ce iskar da ke shiga digiri 35 ce, ita kuma tana cewa 65. A lissafi, birenbos za ta ɗauka iskar ta ragu da kusan kashi 9 cikin 100, ta ƙwace man da inji ke buƙata, ta kuma jinkirta wutar filogi. Ƙarancin mai na ƙara zafin ƙuna, jinkirin taimin kuma na tura zafi cikin salansa. Masu BMW S1000RR, wanda ya fara fitowa a 2009, suna cikin masu yin gyaran sauya wa sensa mazauni, har akwai masu sayar da wayar ƙari da soket ɗinta a shirye.

Ina so a gane abu ɗaya tun kafin a ɗauki sifana. Wannan aiki ba ya sanyaya iska, ba ya kuma maye gurbin lagireto. Abin da yake yi shi ne ya sa sensa ta faɗi gaskiya. Idan baburinka obahitin yake yi na gaske, ruwa na tafasa yana amai, to ka fara da lagireto: ko ƙura da laka sun toshe haƙarƙarinsa, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci, ko an cika shi da ruwan rijiya ya yi tsatsa. Yana ba ni takaici in ga an huda babur mai tsada alhali wanke lagireto kawai yake nema.

Saboda haka awo ne farko. Ka samu na'urar duba birenbos da ke nuna abin da sensa ke faɗa. Da sassafe, babur ya kwana bai tashi ba, lambar ta zo kusa da zafin gari. Sai ka hau ka zaga har inji ya ɗau zafi, ka tsaya ka bar shi a silo minti goma, ka duba. Tashin lambar a nan ba duka ne ƙarya ba, don a tsaye iskar cikin akwati da gaske tana zafi. Abin lura shi ne bayan ka tashi: minti nawa take ɗauka kafin ta sauko? In ta sauko nan da nan, a bar kaza cikin gashinta. In kuwa ka yi kilomita da dama tana nan sama, aikin ya cancanta.

Ka bari inji ya huce sarai, kuma ka zaɓi ranar da mai ya yi ƙasa a tanki, don ɗaga cikakken tanki wahala ce da haɗari. Cire wayar batir ta baƙi tukuna. Sai kujera, sai robobin gefe, kana zuba notuna a murfin gwangwani daban-daban don ba tsawonsu ɗaya ba. Ɗaga tanki ka tokare shi. In sai an cire shi gaba ɗaya, ka tuna bututun mai na da matsi a ciki ko inji a kashe yake. Ka naɗe bakinsa da tsumma kafin ka zare, kuma kada a kusanto da wuta ko taba.

Ga sensa nan a jikin akwati. Ƙirga wayoyinta. In biyu ne, ci gaba. In huɗu ne, an haɗa ta da sensar matsin iska a gida ɗaya, kuma wannan ba ta barin wurinta; mayar da tanki ka rufe.

Kafin ka zarge ta da zama a mugun wuri, tabbatar lafiyarta ƙalau. Zare soket, ka ɗora mita a ƙafafunta biyu. Galibinsu na nuna om 2,000 zuwa 3,000 a zafin digiri 20, su sauko kusa da 300 a digiri 80, amma littafin baburinka ne alƙali. Na taɓa tsayawa kan wani mai wayarin yana wannan gwaji a gindin darbejiya. Ya riƙe bakin sensar tsakanin babban yatsa da manuni, idonsa a kan mita, lambobi na gangarowa a hankali ɗaya bayan ɗaya. Ya sake ta ya hura mata iska, suka fara hawa. Bai ce uffan ba, ya gyaɗa kai kawai. Abin da kake nema ke nan: sauka da hawa a jere, ba tsalle, ba yankewa.

Yanzu zaɓen sabon wuri, kuma a nan ne aikin yake kyau ko ya lalace. Wurin da ya dace shi ne cikin bututun da ke kawo iska daga hancin babur zuwa akwati, ta gaba, inda hucin lagireto bai kai ba. Bakin sensa ya leƙa cikin iskar da ke wucewa, jikinta kada ya taɓa ƙarfe. A bangon sama ko na gefe za ka sa ta, ba ƙasa ba, don ruwan sama da na wanki a ƙasa suke kwanciya, kuma jiƙaƙƙiyar sensa na nuna sanyin da babu shi. Kada ka rataye ta a waje tana shan rana da iskar hanya wai don nan ya fi sanyi. Ba wuri mafi sanyi ake nema ba, wurin da iskar da inji zai shaƙa take bi ake nema. In sensa ta ce sanyi alhali iska na da zafi, birenbos za ta bar taimin a gaba, ga kuma man bakin hanya da ba ka san asalinsa ba. Garin neman gira a rasa ido, fiston ne zai biya. Wannan ne ma ya sa ba na goyon bayan masu saƙala wani abu a waya don a rage lambar da ƙarfi da yaji. Ƙarya ce aka sauya da wata ƙaryar.

Kafin ka huda, riƙe sensar a wurin da hannu, ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka ga ba abin da zai taɓa ta. Sannan ka ciro bututun gaba ɗaya ka huda shi a kan tebur. Fara da ƙaramin rami ka riƙa faɗaɗawa har ya yi daidai da robar zobe da za ta riƙe sensar, ka kankare bakin, ka wanke ɓurɓushin tas. Ta shiga da ɗan matsi, ba ta girgiza.

Tsohon ramin fa? Nan ne mutane ke sakaci. A babura da yawa ramin yana bayan matatar iska, wato duk abin da ya bi ta nan kai tsaye zai faɗa silinda. Ka tuna ƙurar hunturu, wadda ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Salatif ba zai yi ba, zafi zai sake shi. Dabarar da na fi so ita ce a bar tsohuwar sensa a raminta ta zama murfi, a rufe bakin soket ɗinta, a sayo wata mai lamba iri ɗaya a sa a gaba. Ta haka in ka so mayar da babur yadda yake, soket kawai za ka sauya.

Sai waya. Wadda aka yi da soket a kowane kai ta fi, don ba ka yanka wayarin na asali ba. Mai sabon babur kuma ya sani yankan na iya taɓa garantinsa. In dole sai an yanka, a haɗa da dalma, ba murɗawa da hannu ba, a rufe kowane haɗi da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, kuma kada haɗin biyu su zo kafaɗa da kafaɗa. Tsawon wayar ba ya canza lissafi, amma haɗin da ya yi tsatsa yana tare wuta, birenbos ta ɗauka sanyi ake yi ta yi ta zuba mai. Bi da wayar ta jikin firam tare da sauran wayoyi, nesa da koyil da bututun salansa, ka ɗaure da maɗaurin roba, ka bar mata ɗan sassauci a wuyan babur.

Kada ka murɗa makulli sensa na cire. In ka yi, fitilar inji za ta kama: Suzuki kan nuna C21, Yamaha 22, Kawasaki 13, Honda kuma fitilarta ta ƙyafta sau tara. Haɗa komai, mayar da tanki, duba bakin bututun mai ya shiga har ya yi ƙara, sannan batir.

Maimaita gwajin farko a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na rana. A tsaye lambar za ta ɗan hau, da ka tashi kuma ta sauko cikin ɗan lokaci ta tsaya kusa da zafin gari. Ka sa babbar giya a ƙaramin gudu ka buɗe totur a hankali, kunnenka a kan inji. In ka ji ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, saki totur nan take, ka mayar da soket kan tsohuwar sensa, ka kai babur wurin mai saita birenbos, domin masana'anta sun yi lissafin mai da taimin ne da sensa a wurinta na asali. In shiru ne, ka yi mako guda kana hawa, sannan ka sake ɗaga tanki ka bi wayar da yatsa daga soket zuwa soket, ka duba ko ta goge a wani wuri.