KALMAR "PERORATION" DA YADDA AKE RUFE JAWABI

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karatun wannan mujalla, akwai wata kalma ta Turanci da nake so mu tattauna a kanta, domin ta shafi wani abu da muke yi kusan kowane mako a ƙungiyar muhawara ba tare da mun san sunansa ba. Kalmar kuwa ita ce peroration. Gaɓoɓinta huɗu ne, ana faɗinta kamar pe-ro-re-shan, a ƙarfafa murya a kan gaɓa ta uku. Wajen rubutu kuma a lura, ba a ninka harafin r a ko'ina cikinta.

Ma'anarta a taƙaice ita ce sashen ƙarshe na jawabi, inda mai magana yake tattara hujjojinsa wuri ɗaya, sa'an nan ya nemi zukatan masu sauraro. Asalinta daga Latin ne, watau harshen mutanen Rum na da. Per na nufin har zuwa ƙarshe, orare kuma na nufin yin magana ko roƙo a gaban jama'a. Daga wannan saiwa ce Turanci ya sami oration, babban jawabi, da orator, gwanin jawabi. Kalmar ta shiga Turanci tun cikin ƙarni na 15.

To, ba kowane ƙarshe ne ya cancanci wannan suna ba. "Haza wasalam" da muke rufe wasiƙa da shi ba peroration ba ne, haka ma "ƙurunƙus" na tatsuniya. Jawabin godiya da ake yi bayan taron raba kyaututtuka shi ma dabam ne, domin wani mutum ne yake tashi ya yi shi bayan babban baƙo ya zauna. In ana maganar ƙarshen insha'i ko rahoto, conclusion za a ce. Peroration sai ga jawabin da aka yi don a shawo kan mutane, kamar na lauya a kotu, ko na ɗan siyasa, ko na mai wa'azi. Da Hausa ni dai na fi son in kira shi naɗewar jawabi, kamar yadda ake naɗe tabarma in hira ta ƙare.

Mutanen da sun ɗauki wannan sashe da muhimmanci ƙwarai. Wani babban lauya na birnin Rum mai suna Sisaro, wanda aka haifa shekara 106 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya raba jawabi kashi shida, ya sa wannan a ƙarshe. Ya ce aikinsa uku ne: tuna wa alƙalai hujjojin da aka kawo, da sa su ji haushin abokin shari'a, da sa su ji tausayin wanda ake karewa. In lauyoyi da yawa sun taru a kan shari'a ɗaya, Sisaro suke bar wa maganar ƙarshe saboda gwanintarsa a nan. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya taɓa ɗaukar jariri a hannu yana cikin naɗe jawabinsa, don dai alƙalai su karaya. Wannan kam ina ganin ya wuce gona da iri, amma ya nuna mana irin nauyin da suke ba wa mintocin ƙarshe.

Wanda ya taɓa zuwa kara a kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga irin wannan, ko da ba da Turanci ba. Dillali zai daɗe yana yabon sa, ya nuna tozo, ya nuna haƙora, ya faɗi inda aka yi kiwonsa. Amma da ya ga mai saye yana shirin juyawa, sai ya bar dogon bayani, ya rage murya, ya jefa 'yan kalmomi kaɗan waɗanda za su sa a ce an saya. Duk abin da ya faɗa tun farko shimfiɗa ce ga waɗannan 'yan kalmomi.

A tarihin ƙasarmu ma akwai misali. Ran 1 ga Oktoba, 1960, a Legas, Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabin karɓar mulkin kai a gaban Gimbiya Alekzandara, wadda ta wakilci Sarauniyar Ingila. Bayan ya yi godiya ga waɗanda suka yi wa ƙasar aiki, sai ya rufe da cewa yana buɗe sabon babi a tarihin Nijeriya, da na ƙasashe renon Ingila, har ma da na duniya baki ɗaya. Ku lura da yadda ya hau matakala uku, daga gida zuwa dangi zuwa duniya, yana kaiwa ta uku kuma ya tsaya.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Nelson Mandela. Ran 20 ga Afrilu, 1964, yana tsaye a gaban kotu a Firitoriya, ana tuhumarsa da laifin da zai iya kai shi ga igiya, ya yi magana kusan awa uku. A ƙarshe ya ce ya yaƙi danniyar farar fata, ya kuma yaƙi danniyar baƙar fata, burinsa ƙasar da kowa zai zauna da 'yanci daidai da kowa, kuma in ta kama a shirye yake ya mutu saboda wannan buri. Lauyoyinsa sun ji tsoron wannan magana, don gani suke kamar tsokanar alƙali ce ya yanke hukuncin kisa. A watan Yuni aka yi masa ɗaurin rai da rai, bai fito ba sai 1990. Mutane kaɗan ne za su iya kawo maka abin da ya faɗa a tsakiyar jawabin nan, amma ƙarshensa har yau ana maimaita shi.

Yanzu mu dawo gida. A duk muhawarar da na halarta, ko a nan Gumel ko da ɗaliban da suke zuwa daga Gagarawa da Sule Tankarkar, kusan kowa da jumla ɗaya yake rufewa, wadda ake cewa "with these few points of mine", a bi ta da fatan an gamsar da alƙalai ba a rikita su ba. Ɗalibi zai kwana uku yana neman hujja, ya zo ya zuba ta da kyau, sa'an nan ya kashe mintinsa na ƙarshe a kan maganar da alƙalai suka ji sau biyar a ranar. Alhali kuwa a lokacin ne alƙalami yake hannunsu za su ba da maki. Haba jama'a! In ana gardama a kan ko noma ya fi kasuwanci, me zai hana mai goyon bayan noma ya tara hujjojinsa a jumla biyu, sa'an nan ya tambayi zauren ko riɗin da ake lodi a manyan motoci a kanti ya tsiro? Sharaɗi ɗaya ne, kada a shigo da sabuwar hujja a nan, don ba sauran lokacin kare ta.

Ga yadda ake sa kalmar cikin jumla: In his peroration, the chief begged the farmers and the herders to live in peace. Watau a ƙarshen jawabinsa hakimi ya roƙi manoma da makiyaya su zauna lafiya. A jarrabawar Turanci, in ta fito cikin tambayoyin neman kishiyar kalma, a duba exordium ko introduction, waɗanda suke nufin mabuɗin jawabi.

Sai dai a yi hattara, domin kalmar tana da ma'ana ta biyu wadda ba ta yabo ba ce. Turawa sukan kira dogon jawabi mai cike da manyan kalmomi da fankama peroration, kuma in sun ce mutum yana perorate, sau da yawa nufinsu ya cika mutane da surutu ya ƙi zama. Saboda haka wanda aka sa ya yi godiya ga babban baƙo ran bikin makaranta, kada ya ce masa "thank you for your long peroration", don baƙon da ya san Turanci sosai zai ɗauka ba'a ake yi masa.